Zoben da Bai Shiga Faranti Ba

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Wannan littafin rubuta sakamakon gwaji ne, ya yi saura shafi talatin a baya. Shekara goma sha bakwai ina cika irinsa da zafin ɗaki da ƙarfin haske da lambar samfur, ban taɓa sa abin da ke raina a ciki ba. Yau ba ni da wanda zan faɗa wa, to bari in faɗa wa takarda.

Dakta tana ɗaki da bandeji a idon dama. Matata ce, kuma ita ce shugabata a ɗakin gwaji. Ita ke tunani, ni ke ɗaure madubai da daidaita na'ura, shi ya sa take kirana Injiniya ko da burodi za ta aike ni. A jingine take da matashi uku, domin likita ya ce kada kanta ya yi ƙasa. Hasken leza ne ya same ta jiya da hantsi. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin gwajin a lokacin.

Yadda aka yi kuwa, ba yau ba.

Laraba, ƙarfe 4:15 na yamma

Mun dawo daga asibiti. Likitan ido ya ce jini ya taru a cikin idon ya tare masa hanya, ba zai san iyakar ɓarnar ba sai jinin ya janye. Mako uku, wataƙila huɗu. Na tambaye shi ko za ta sake gani da shi, ya ce, "Malam, abin da ban gani ba, ba zan yi maka alkawarinsa ba."

A mota ita ce ta fara magana, kanta a jingine.

"Injiniya, ka adana sakamakon samfur na sha huɗu?"

"Haba Dakta, don Allah."

"Ka adana ko ba ka adana ba?"

"Na adana."

"To madalla. Kada ido ya tafi, sakamako ma ya bi shi."

Ta yi dariya, ni na kasa. Duk zaman da muka yi a asibiti hannuna na dama bai fita daga aljihu ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Inna, mahaifiyar Dakta, ta iso jiya da jaka biyu, ta karɓe ɗakin girki ba tare da neman izinin kowa ba. Ɗazu ta zauna a bakin gado ta ce, "Wai ni kam, me kuke nema a ɗakin nan da har ya ci miki ido?"

Dakta ta ce, "Inna, kin san bakin fensir? Idan aka yi ta ɓare shi, aka yi ta ɓarewa, har ya rage fata ɗaya tak da ba ta ƙara ɓaruwa, shi ake kira girafin. Gilashin taga kuɗin goro yake yi wa haske, mai ƙarfi da mai rauni kowa ya wuce. Shi kuwa wannan duba baƙo yake yi. Akwai irin da idan haske ya yi ƙarfi sai ya ƙoshi ya buɗe masa hanya. Irin da muke haɗawa kuma, idan haske ya zo a hankali ya bar shi ya wuce, idan ya zo da faɗa ya rufe ƙofa kafin ki ƙifta ido. Tabarau muke so a yi da shi."

"Maigadi ke nan."

"Maigadin kirki."

"To ina maigadin yake ranar Talata?"

"Yana cikin kwalba, Inna. Ba mu gama rainonsa ba."

Sai Inna ta juyo wajena. "Kai kuma ɗan nan, kana ina?"

"Ina wajen, Inna."

Tambaya ce kawai ta tsohuwa, amma sai da shayi ya zubo mini a riga. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na ɗiga mata magani sau uku. Da hannun hagu na yi.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Na leƙa wurin aiki. An manna takarda a ƙofar ɗakin leza, an hana kunnawa sai an gama bincike. Jami'ar kiyaye haɗari ta zaunar da ni da fom mai shafi huɗu. Mace ce mai kirki, har alewa ta miƙo mini.

Ta tambayi dalilin da ya sa Dakta ta ɗaga tabaraunta, na gaya mata gaskiya. Tabarau na kariya da muke da su ruwan goro ne mai duhu. Suna tare koren hasken leza, amma suna tare rabin duniya tare da shi, ba ka ganin lambobin allo da kyau. Kowa a wannan sana'a ya taɓa ɗaga su ya ce na ɗan lokaci ne. Dakta ta kori ɗalibai daga ɗakin kan haka ba sau ɗaya ba. Ranar nan muna tura samfur na sha huɗu a kan ɗan layinsa zuwa inda haske ya fi tsukewa, sai layin da ke kan allo ya faɗa kwari, alamar samfur ya rufe ƙofa. Shekara shida take jiran wannan kwarin. Ta sunkuya, ta ɗaga tabarau don ta ga zurfinsa.

Jami'ar ta ce, "Amma haske a kan tebur yake tafiya, Malam. Me ya karkato shi sama? Akwai wani abu mai ƙyalli a kan hanyarsa?"

Na ce komai yana yadda aka saba.

Ta rubuta. Na fito da alewar a hannu, har yanzu tana aljihuna.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 6:45 na safe

Mako ɗaya. Bari in rubuta batun farantin.

A bakin ƙofar ɗakin leza akwai ɗan farantin roba shuɗi. Duk mai shiga sai ya zuba agogo da zobe da awarwaro a ciki, har biro mai murfin ƙarfe. Dakta ce ta kafa wannan doka, ta taɓa sa wani babban baƙo ya cire maɓallan hannun riga yana ta ƙunƙuni.

Ina da zoben azurfa a hannun dama. Ita ta ba ni shi shekarar da aka haifi 'yarmu. Shekara goma sha biyar yana shiga farantin kowace safiya, ya fito da yamma. Sai na yi ƙiba, laifin girkinta ne kuma na sha gaya mata. Wata takwas ke nan zoben ya ƙi wuce gaɓa. Ta ce in je a yanke shi, na ce a'a, ba a yanka kyautar mace. Sai na koma naɗe shi da baƙin salatif kullum kafin in shiga, don kada ya yi ƙyalli. Tana gani ta yi tsaki, ta ce, "Kai da taurin kai, Mai Kunnuwa," sunan da take tsokanata da shi saboda girman kunnuwana, ta wuce.

Ranar Talata salatif ya ƙare. Na ce a raina minti biyar ne.

Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

'Yarmu ta kira daga makaranta tana kuka, uwar ce ta koma lallashinta. Ta ce mata, "Ke, ido biyu ma ai almubazzaranci ne, babanki ba wani abin kallo ba ne." Na ji su suna dariya a waya.

Yau ma ban faɗa ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Na nemi izinin shiga ɗakin, na ce zan rufe kwalabe kada ruwan samfur ya bushe. Da gaske na rufe su. Amma da ƙullin zare na je.

Leza a kashe take. Na ɗaure zaren a madubi na uku, na ja shi zuwa inda hannuna yake lokacin da na miƙa zan murɗa maɓallin daidaita madubi na huɗu. Daga nan na ja shi zuwa gaban allo, daidai tsayin kan Dakta idan ta sunkuya. Na san tsayin, a kafaɗata yake tsayawa. Na gwada kowane madubi da kowane ƙarfe da ke kan tebur, ko akwai wanda zai iya jefa haske wajen. Babu. Hanya ɗaya ce kawai ta kai, kuma ta kan yatsana ta bi.

Na so lissafin ya ƙaryata ni. Sau uku ina sake ɗaurawa, sau uku zaren yana zuwa wuri ɗaya. Na zauna a ƙasa a gindin tebur na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Zobena ne ya jefa mata hasken. Ga shi na rubuta.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

An cire bandeji. Ta ce kamar tana kallo ta cikin ruwan shayi. Inna ta ce ai ci gaba ne, jiya ko shayin babu.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Ta gaji da zama, ta sa na karanta mata lambobin samfur na sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Idan haske mai rauni ne, kashi tamanin cikin ɗari ke wucewa, wato kusan kamar gilashin taga. Idan ya yi ƙarfi sai ya faɗo ƙasa da kashi goma. Ta rufe ido tana murmushi kamar ana karanta mata wasiƙar saurayi.

Na ce, "Da a ce shi ne a fuskarki ranar nan..."

"Kada ka fara. Da ya rage, da bai hana ba, da sauran aiki. Amma ka ga, da tabarau masu haske ne, da ban ɗaga su ba tun farko. Wannan shi ne aikin, Injiniya. Mutum ba ya cire abin da bai tsare masa gani ba."

Sai ta kamo hannuna ta riƙe. Na dama ta kama. Babban yatsanta yana kan zoben tana murza shi, kamar yadda take yi tun muna matasa. Na buɗe baki, Inna ta shigo da tire.

Yau ma ban faɗa ba. Kuma kada in ɗora wa Inna, na ji daɗin shigowarta.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Na gwada sabulu. Na gwada man shafawa. Yatsan ya kumbura, zoben yana nan.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Shugaban sashe ya kira ni ofis ya nuna mini daftarin rahoto. An rubuta cewa ba a gano abin da ya karkatar da hasken ba, ana zaton madubi ne da ba a ɗaure da kyau ba a ƙarƙashin kulawar Dakta. Tunda ita ce shugabar ɗaki kuma ita ta ɗaga tabarau, kwamiti zai ba da shawarar a karɓe mata mabuɗin ɗakin leza na shekara guda. Za su zauna ranar Laraba.

Shekara guda. Samfur na sha huɗu ba zai kai wata uku ba zai dunƙule a gindin kwalba.

Shugaban ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai ba ka da laifi, kowa ya san tsantsaninka. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Na yi masa godiya. Wallahi godiya na yi masa.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na gaya mata batun rahoton. Na zaci za ta tashi tsaye, matar da ke faɗa da mai gyaran famfo kan wasali ɗaya a rasit. Sai kawai ta ce, "To. Haka suka ce?"

"Haka suka ce."

"Kai me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"To," ta sake cewa, ta juya fuska wajen taga.

Ba tsoron kwamiti nake ji ba, su kore ni mana. Tsoron fuskarta nake ji, lokacin da za ta sani. Ina sonta fiye da ranar da na aure ta, kuma ni na yi mata wannan.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Inna ta tare ni a ɗakin girki ina wanke kofuna. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ɗan nan, ka rame. Mai ciwo tana cin abinci, mai jinya ba ya ci. Ni ban yi boko ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Duk abin da ka haɗiye, ka amayar da shi tun bai ruɓe maka a ciki ba."

Na ce, "To, Inna."

Ta ce, "Wannan kofin sau uku kana wanke shi."

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Yau ma.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na faɗa.

Inna ta fita sayen magani da hantsi, kuma ina zargin da gangan ta daɗe. Na durƙusa a gaban kujerar Dakta na faɗa mata komai, salatif da minti biyar da zare da abin da na ce wa jami'ar. Ban ɗago kai ba har na gama.

Ta ce, "Tashi ka ɗauko mini zare da sabulu."

Na zaci ban ji daidai ba. Ta maimaita, na ɗauko. Ta kama yatsan, ta zura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, ta shiga naɗe sauran a kan gaɓa, zagaye bayan zagaye, da matsi. Idonta duka biyu a rufe, da lalube take yi.

"Na gan shi," ta ce. "Kore ne hasken, Injiniya, ba ɓoyayye ba ne. Na ga hannunka ya miƙa, na ga azurfa ta yi walƙiya. Shi ne abu na ƙarshe da idon nan ya gani sarai."

"Tun ranar kin sani?"

"Tun kafin in kai ƙasa."

"Me ya sa ba ki ce komai ba? Za su karɓe miki mabuɗi!"

"Su karɓa. In na faɗa, na zama mai ƙarar mijina. In kai ka faɗa, mijina ya dawo. Mako uku ina zaune da wani baƙo mai hannu a aljihu, yana ɗiga mini magani kamar ma'aikacin asibiti." Ta ƙara matse zaren. "Na ji haushinka, kada ka zaci ban ji ba. Kwana biyar ko muryarka ba na son ji. Amma laifi tudu ne. Wa ya ɗaga tabarau? Wa ya bar ka da salatif wata takwas? Da ɗalibi ne da tuni na kore shi. Na bar ka ne don ina son ganin zoben a hannunka."

Ta fara warware zaren daga ƙasa. Zoben ya biyo shi a hankali, ya hau gaɓa, na ji zafi har cikin haƙori, sai ga shi a tafin hannunta. Wurin ya yi fari fat, ya lotsa.

Ta ce, "Ka ga, ba a yanka ba."

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na je gaban kwamiti da zoben da ƙullin zaren, na roƙi su biyo ni ɗakin. Na ɗaura musu zaren suka gani da idonsu. Na nemi gafarar jami'ar a gaban kowa, ta cire fom ɗin farko ta miƙo mini sabo, wannan karon babu alewa.

An hana ni shiga ɗakin leza na wata shida, an mayar da ni ɗakin haɗa samfur, kuma takarda za ta shiga fayil ɗina. Dakta ta sami gargaɗi mai zafi a rubuce kan tabarau da kan salatif. Mabuɗi yana hannunta.

Na ci abinci kwano biyu. Inna ta ce a hankali dai, kada wani zoben ya maƙale.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Jini ya janye, likita ya ga abin da yake son gani. Akwai tabo a tsakiyar bangon ido, daidai inda mutum ke karatu da gane fuska. Ba zai tafi ba. Gefe-gefe lafiya lau, idon hagu ma lafiya. Ya ce da sannu za ta koya wa idon kallo da gefen tabon.

Ta yi masa tambayoyi goma sha ɗaya, na ƙirga. A mota ta yi kuka tun daga ƙofar asibiti har kwanar gidanmu. Ban ce ta yi haƙuri ba. Na tsaya a gefen titi na riƙe ta da hannu biyu.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Saura shafi ɗaya.

Ta sayo farantin roba shuɗi ta ajiye a kan teburin ɗakinmu. Zoben yana ciki, ta ce a nan zai zauna sai na rage tumbi.

Ɗazu muna shan shayi a baranda ta rufe idon hagu da tafin hannu, tana gwada abin da likita ya koya mata. Ta dube ni kai tsaye ta fashe da dariya.

"Me kika gani?"

"Kunnuwa biyu, babu kowa a tsakaninsu. Ashe ko makaho ba zai ɓatar da kai ba."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta ji ba ta fito ba. Sai ta daina. Ta kawar da idon a hankali zuwa gefe, ta wuce kafaɗata, kamar mai kallon tukunyar furanni da ke bayana. Ta tsaya a nan.

"Yawwa," ta ce. "Ga ka nan. Ka yi aski ma ba ka faɗa mini ba."

Na ce jiya na yi.

"To ka riƙe wannan, Mai Kunnuwa, don kada wata rana ka ce na juya maka fuska. In ka ga ina kallon gefe, kai nake kallo."

Shayina ya huce, ta sa na sake ɗora ruwa.